Marta, Sarauniyar Tamaula ta Ƙasar Barazil

Duk wanda aka ce ya faɗi ƙasar da ta fi kowace shahara wajen wasan ƙwallon ƙafa, ba zai yi dogon tunani ba zai ce Barazil, wato ƙasar Pele, wadda mazanta suka ɗauki kofin duniya har sau 5. To, amma abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, a wannan ƙasa ce aka shekara 38 doka ta hana mata buga ƙwallo. A cikin wannan 'yar maƙala ina so in ba ku tarihin wata 'yar ƙasar, Marta Vieira da Silva, wadda mutanenta ke kira Sarauniya. Ina kuma so in yi bayani a kan tambayoyi biyu da duk wanda ya duba tarihinta zai yi. Me ya sa macen da aka zaɓa sau 6 a matsayin wadda ta fi kowa iya ƙwallo a duniya ta yi ta yawo har ƙungiyoyi 10, akasari a ƙasashen waje? Me ya sa kuma, duk da gwanintarta, ba ta taɓa ɗaukar wa ƙasarta kofin duniya ba? A ganina amsar duka biyun ɗaya ce.

Dokar da ta hana mata wasa

Kafin mu fahimci Marta, sai mun koma baya kaɗan. A shekarar 1941, zamanin mulkin Shugaba Getúlio Vargas, aka yi wata doka a Barazil wadda ta hana mata yin duk wasan da aka ce bai dace da halittarsu ba. A 1965, lokacin mulkin soja, hukumar wasanni ta ƙasar ta fito fili ta ambaci ƙwallon ƙafa cikin jerin wasannin da aka haramta musu. Ba a soke wannan hani ba sai a 1979, ba a kuma tsara ƙa'idojin wasan mata ba sai a 1983. Ke nan duk shekarun da Pele ya yi yana jan zarensa, yarinyar da take sha'awar ƙwallo a ƙasarsa ba ta da ƙungiya, ba ta da gasa, ba ta da mai koya mata.

Soke doka aikin rana ɗaya ne, amma sake tunanin mutane yakan ɗauki zamani. An haifi Marta ran 19 ga Fabrairu, 1986, wato shekara 7 kacal bayan ɗage hanin, a wani ƙaramin gari mai suna Dois Riachos cikin jihar Alagoas, can arewa maso gabashin ƙasar, yanki mai fari da talauci. Tun tana jaririya mahaifinta ya bar gida, mahaifiyarta ce ta yi ta wahalar renon 'ya'ya 4 ita kaɗai. Marta ta koyi ƙwallo a kan titi da fegi cikin yara maza, domin babu 'yan mata masu bugawa. Ta sha gori da habaici a garin, har an taɓa cire ta daga wata gasar yara maza ba don komi ba sai don ita mace ce.

Da ta cika shekara 14, a 2000, sai ta hau bas ta yi tafiyar kwana 3 zuwa birnin Riyo, don a gwada ta a ƙungiyar Vasco da Gama, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyoyin da ke da ɓangaren mata a lokacin. Mai horar da 'yan wasan, Helena Pacheco, ta ga irin yadda take sarrafa ƙwallo da ƙafar hagu, ta karɓe ta. Ku duba fa, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yan aji uku na makarantarmu ba, ta rabu da uwa da dangi, ta shiga birnin da ba ta san kowa ba.

Yawon ƙungiyoyi

Murnarta ba ta daɗe ba. Bayan kamar shekara 2, Vasco da Gama ta rufe ɓangaren mata, alhali kuwa ɓangaren maza yana nan daram. Wannan shi ne karo na farko da rufi ya rufto wa Marta. Sai ta koma wata ƙaramar ƙungiya, Santa Cruz, a jihar Minas Gerais, ta yi wasa a can har 2004.

A wannan shekara ce ƙungiyar Umeå ta ƙasar Suwidin ta ɗauke ta, tana da shekara 18. Umeå gari ne a can arewacin Suwidin, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, rana kuma ba ta daɗewa a sama lokacin hunturu. Ga 'yar ƙasar zafi, wadda ba ta jin harshen mutanen, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a can ta tarar da abin da babu a gida, wato gasa mai tsari da ake bugawa mako mako, da albashi, da masu horarwa, da 'yan kallo. Nan da nan baiwarta ta fito. A 2004 Umeå ta ɗauki kofin ƙungiyoyin mata na nahiyar Turai, bayan ta lallasa Frankfurt ta Jamus da ci 8 da nema a wasa biyu, gida da waje, Marta ta ci 3 daga ciki. Daga 2005 zuwa 2008 kuma suka ɗauki kofin gasar Suwidin sau 4 a jere. A wannan tsakani ne, a 2006, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fara zaɓenta gwarzuwar shekara, ta kuma riƙe kambin shekara 5 ba yankewa, har zuwa 2010. Ta sake karɓarsa karo na 6 a 2018.

A 2009 aka buɗe sabuwar gasar mata ta ƙwararru a Amurka, aka gayyato Marta don ta jawo 'yan kallo. Ta shiga Los Angeles Sol, ta fi kowa cin ƙwallo a gasar, suka kai wasan ƙarshe. A farkon 2010 ƙungiyar ta rushe saboda rashin mai ɗaukar nauyinta. Ta koma Gold Pride, ta ci ƙwallo 19, suka ɗauki kofi. Ba a yi wata 2 da ɗaukar kofin ba ita ma Gold Pride ta rufe. A 2011 ta koma Western New York Flash, nan ma suka ɗauki kofi. A 2012 sai gasar kanta ta mutu ɗungurungum. Kai, abin kamar almara: shekara 3, ƙungiya 3, kofi 2, amma daga ƙarshe babu wurin zama.

A tsakanin waɗannan shekaru ta riƙa zuwa gida aro, tana yi wa Santos wasa, wato tsohuwar ƙungiyar Pele. Tare da ita Santos ta ɗauki kofin ƙungiyoyin mata na Amurka ta Kudu a 2009, karo na farko da aka yi gasar. Duk da haka a 2012 ita ma Santos ta rufe ɓangaren mata, sai bayan wasu shekaru ta sake buɗewa.

Da hanya ta toshe a Amurka, Marta ta koma Suwidin ta shiga Tyresö. Suka ɗauki kofin ƙasar a 2012, suka kai wasan ƙarshe na nahiyar Turai a 2014, inda Wolfsburg ta Jamus ta cinye su 4 da 3, Marta ta ci 2. A lokacin bashi ya riga ya yi wa Tyresö katutu, 'yan wasa na bin albashi, jim kaɗan bayan wasan ƙungiyar ta durƙushe. Idan kun lissafa za ku ga sau 5 ke nan wurin da take cin abinci yana rushewa: Vasco, da Sol, da Gold Pride, da gasar Amurka, da Tyresö. Ba a taɓa sallamarta don ta kasa ba. Kowane karo sai tana kan ganiyarta sannan a ce babu kuɗi. Daga nan ta koma Rosengård a birnin Malmö, ta ƙara kofin Suwidin 2, a 2014 da 2015, har ta sami takardar zama 'yar ƙasar a 2017.

A 2017 ɗin ta sake tsallakawa Amurka, ta shiga Orlando Pride a wata sabuwar gasa da aka fara bugawa a 2013, wadda ita kam ta ɗore. A nan ne ta sami wurin da ta fi daɗewa a duk rayuwarta ta wasa. A 2022 jijiyar gwiwarta ta tsinke, aka yi mata aiki, ta yi kusan shekara tana jinya, mutane da yawa suka ɗauka ta gama. Sai ga shi a 2024, tana da shekara 38, ita ce kyaftin lokacin da Orlando ta ɗauki kofin gasar karo na farko a tarihinta. Ƙwallon da ta ba su nasara a wasan ƙarshe, da ci 1 da nema a kan Washington Spirit, 'yar Afirka ce ta ci ta, Barbra Banda ta ƙasar Zambiya. Mahaƙurci mawadaci.

Wasanta a rigar ƙasa

Yanzu bari mu juya ga ƙungiyar ƙasa. Marta ta fara yi wa Barazil wasa tun 2002, ta je gasar cin kofin duniya ta farko a 2003 a Amurka, ta ci ƙwallo 3 tana da shekara 17. A wasannin Olamfik na 2004 a Atina suka kai wasan ƙarshe, Amurka ta cinye su 2 da 1 bayan ƙarin lokaci, suka dawo da lambar azurfa.

Shekarar 2007 ita ce shekarar da duniya ta san ta sosai. Da farko suka ci zinariya a wasannin nahiyar Amurka a babban filin Maracanã na Riyo, gaban dubun dubatar 'yan ƙasarsu. Sa'an nan suka tafi ƙasar Sin gasar cin kofin duniya. A wasan kusa da na ƙarshe suka ragargaji Amurka da ci 4 da nema, Marta ta ci 2. Ta biyun har gobe ana maganarta: ƙwallo ta zo mata ta juya wa raga baya, ta ɗaga ta ta gefe ɗaya na mai tsaron bayan da ke manne da ita, ita kuma ta zagaya ta ɗaya gefen ta tarbe ta, ta yanke wata mai tsaron bayan, ta zuba a raga. Amma a wasan ƙarshe a birnin Shanghai, Jamus na gaba da ci 1, aka ba Barazil fanareti. Marta ta buga, golar Jamus Nadine Angerer ta tare. Aka tashi 2 da nema. Marta ta karɓi kyautar wadda ta fi kowa iya wasa da ta wadda ta fi cin ƙwallo, guda 7, amma kofi ya tafi Jamus. A wurin ba da lambobi, 'yan wasan Barazil suka ɗaga wani ƙyalle da suka rubuta roƙo a kai, suna neman ƙasarsu ta tallafa musu.

Wannan ƙyalle shi ne amsar tambayarmu ta biyu. Jamus tana da gasar mata ta ƙasa tun 1990. Amurka kuwa tun 1972 ta yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin mace da namiji, dalilin haka 'yan mata suka sami filaye da masu horarwa tun daga sakandare har jami'a. A shekarar da aka yi wannan doka a Amurka, a Barazil laifi ne mace ta buga ƙwallo. Gasar mata ta ƙasa mai ɗorewa ba ta samu a Barazil ba sai 2013. Saboda haka ƙungiyar su Marta takan dogara ne a kan 'yan gwanaye ƙalilan, abokan karawarsu kuwa suna da ɗaruruwan da za su zaɓa daga ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwani ɗaya yana iya cin wasa ɗaya, amma gasar mako 3 ko 4 sai da mataimaka, da masu canji, da shiri na shekaru.

Haka abin ya yi ta maimaituwa. A Olamfik na 2008 a Beijing suka doke Nijeriya 3 da 1 a zagayen farko, abokiyar wasanta Cristiane ta ci duka ukun, amma a wasan ƙarshe Amurka ta sake cinye su 1 da nema bayan ƙarin lokaci. A kofin duniya na 2011 a Jamus, Marta ta ci Amurka 2, suna gaba har minti na 122, sai Abby Wambach ta farke da ka, aka je bugun fanareti aka fitar da Barazil. A 2015 Ostareliya ta fitar da su. A Olamfik na 2016 a gida, Suwidin ta fitar da su da bugun fanareti a wasan kusa da na ƙarshe, suka ƙare a na 4.

A kofin duniya na 2019 a Faransa ta kafa tarihi biyu. Ita ce ta fara cin ƙwallo a gasar cin kofin duniya 5 daban daban, mace ko namiji. Ƙwallon da ta ci Italiya kuma ita ce ta 17, ta wuce Miroslav Klose na Jamus mai 16. A wannan gasa ta ƙi sa takalmin kowane kamfani mai talla, ta sa baƙin takalmi mai alamar daidaito, don nuna cewa abin da ake biyan mata bai kama ƙafar na maza ba. Da Faransa ta fitar da su, ta tsaya gaban kyamara idonta da hawaye ta yi wa 'yan matan ƙasarta jawabi. Taƙaitaccen abin da ta ce shi ne, ita da Formiga da Cristiane ba za su dawwama ba, ɗorewar wasan yana hannun masu tasowa, su sha wahalar horo tun farko don su yi dariya daga baya. Ita Formiga da ta ambata an haife ta a 1978, lokacin da hanin yana aiki, ta kuma buga kofin duniya 7 da Olamfik 7.

A 2021 a Tokyo, Marta ta zama ta farko da ta ci ƙwallo a Olamfik 5 a jere. A kofin duniya na 2023, wanda shi ne na 6 gare ta, kunnen doki da Jamaika ya kore su tun a zagayen farko. A Olamfik na 2024 a Faransa suka sake haɗuwa da Nijeriya a birnin Bordeaux, ita ce ta miƙa wa Gabi Nunes ƙwallon da aka ci mu, aka tashi 1 da nema. A wasa da Sifen aka ba ta jan kati, ta fita tana kuka, aka dakatar da ita wasa 2. Abin lura a nan shi ne, 'yan bayanta sun doke Faransa da Sifen ba tare da ita ba, suka kai ta wasan ƙarshe. Amurka ce dai ta sake cinye su 1 da nema, Marta ta karɓi azurfa ta 3. A 2025 kuma, tana da shekara 39, ta shigo canji a wasan ƙarshe na kofin Amurka ta Kudu da Kolombiya a birnin Quito, ta ci 2, aka tashi 4 da 4, Barazil ta ɗauki kofin a bugun fanareti. Jimillar ƙwallayen da ta ci wa ƙasarta sun haura 100, babu wani ɗan Barazil, mace ko namiji, da ya kai haka.

Abin da ya sake

Shin wahalar ta yi amfani? Ni na ce ta yi. Daga 2019 aka wajabta wa manyan ƙungiyoyin maza na Barazil su kafa ɓangaren mata. A 2020 hukumar ƙwallon ƙasar ta sanar da cewa alawus ɗin da za ta riƙa ba mata masu yi wa ƙasa wasa daidai ne da na maza. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa Marta jakadiya kan sha'anin mata da 'yan mata a wasanni. A 2024 FIFA ta ƙirƙiro kyautar ƙwallon da ta fi kyau a wasan mata ta sa mata sunan Marta, a shekarar kuma aka ba Barazil damar karɓar baƙuncin kofin duniya na mata na 2027. Ƙasar da ta haramta wasan a 1941 ita aka zaɓa ta tara duniya don kallonsa. Ba zan ce Marta kaɗai ta jawo wannan ba, domin akwai su Formiga da su Sissi da suka share fage, amma da wuya a sami wanda zai yi musun cewa ita ce ta fi kowa tilasta wa mutane su waiwayo.

Daga ƙarshe, ga abin da nake so mu ɗauka. 'Yan'uwana ɗalibai, sau 5 aka rufe wa Marta wurin aiki, kowane karo wata ƙungiya ta yi maza ta ɗauke ta, saboda ba ta taɓa sakaci da horo ba. Wanda ya riƙe sana'arsa da kyau, ko an rufe ƙofa ɗaya ba ya kwana a waje. Iyayenmu da malamanmu kuwa, ina roƙonku ku dubi ɗaya ɓangaren labarin. Marta ɗaya ce ta iya jure tafiyar kwana 3 da sanyin Suwidin. 'Yan mata nawa ne sa'o'inta a Alagoas, masu baiwa irin tata, waɗanda suka haƙura don babu fili, babu ƙungiya, babu mai ƙarfafa musu gwiwa? Waɗannan su ne 'yan wasan da Barazil ta rasa ranar da take neman kofi a Shanghai. Baiwa ko ta ƙwallo ce, ko ta lissafi, ko ta rubutu, tana bukatar wurin da za a rene ta tun tana ƙarama, ko a jikin ɗa take ko a jikin 'ya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nan zan dasa aya.